Muryar Kakana Da Ta Salwanta A Hannuna

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na safiyar wata Asabar ne na ba kawuna amsar da har yau nake cizon yatsa a kanta. Lokacin ina aji uku a jami'a, ina karatun kwamfuta, na zo hutu gida Illela. Ni mai shiru ce, ko a aji ba na iya ɗaga hannu, amma kowa ya san ba na aikin gaggawa. Shi ya sa Kawu, wanda ya gaji makarantar Islamiyyar kakanmu, ya damƙa mini kwali huɗu na kaset ɗin karatun tafsirin marigayin, ya ce in kwashe su cikin kwamfuta tun ba su gama lalacewa ba.

Makarantar tana da saba guda ɗaya, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗaukar bayanai daga gare ta. Tsohuwar babbar manhaja ce a kanta, wato wadda ke tafiyar da injin gaba ɗaya, kuma ba a taɓa ta, don rajistar ɗalibai a kanta kaɗai take aiki. Sai na yi abin da aka koya mana, na ɗora wata babbar manhajar a cikinta, su biyu suna aiki lokaci guda, kowace da allonta kamar ba ta san da 'yar uwarta ba. Wata biyu ina saurare ina kwashewa, ina rubuta sura da aya a kan kowane karatu, har inda Malam, kakan namu, ya tsaya ya yi tari ko ya tsokani almajiransa 'yan Kalmalo, garin masunta, da cewa ƙarnin kifi ya riga su shigowa. Na ajiye kwafi a tsohuwar, na ajiye a sabuwar.

Ranar Asabar ɗin Kawu ya tambaye ni ko na tabbata komai yana wuri biyu, don ana son ɗakin kaset ɗin a mai da shi aji. Na ce eh. Wani abu ya ɗan sosa mini rai, amma na ji kunyar in ce ya dakata in tambayi malaminmu na jami'a, kada a ga kamar ban iya ba. Da yake abin da ke ɗauke da Alƙur'ani ba a zuba shi a bola, Kawu da kansa ya ƙone kaset ɗin a bayan makaranta, ya binne tokar.

Da bazara ta kama, na sake zuwa hutu, sabar ta fara wata ƙara, wata rana ta ƙi tashi. Muka kai ta Sakkwato. Mai gyaran ya buɗe, ya tambaye ni ina ɗayan kwafin. Na nuna masa ita dai wannan sabar. Ya dube ni ya ce, 'yar boko, mi aka koya muku? Manhaja biyu ce, amma faifan ajiya ɗaya suke zaune a kai, kuma shi ne ya mutu. Na san haka, na ma rubuta shi a jarrabawa. Allo biyun da nake gani kullum ne suka sa na ɗauka inji biyu gare ni.

Don haka 'yan uwana ɗalibai, duk kwafin da bai bar cikin injin ba, kada ku ƙirga shi. Kuma in kunya ta hana ku tambaya, ku tuna ba ku kaɗai za ku yi asarar ba.

Kawu bai taɓa yi mini faɗa ba, bai kuma sake ba ni wani aiki ba. Inna, wadda marigayin mahaifinta ne, na yi wata uku ina roƙonta gafara tana kawar da zancen. Ranar da zan koma makaranta ta amsa. Ta ce ta yafe mini tun ranar farko, amma in daina tambayarta, don duk na tambaya sai ta yi ƙoƙarin tuno muryarsa, kuma ta fara kasawa.