Huɗubar da na yi daga bakin rijiya

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon kayan wuta a kasuwar Sabon Gari, tari ya maƙale mini. Na sha citta, na sha zuma, na sha duk ruwan maganin da mai kemis ɗin shataletalen Bata ya miƙo mini, shiru. Matata kuwa cikin fari gare ta, haihuwa yau ko gobe. Ita ta tasa ni gaba zuwa asibiti, aka gwada kakina, aka ce tarin tibi ne.

Likitar ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce magani wata shida, kuma idan an haihu kada in kusanci jaririn sai ta sake gwada ni, domin huhunsa ba zai iya da abin da ke ƙirjina ba. Aka duba matata lafiya lau, ta tafi gidansu a Rijiyar Lemo. Ni kuwa, gwanin jin kunya, na ce kada ta gaya wa kowa. Wai kar a riƙa ware mini kofi.

Kwana biyar tsakani ta sauka, mace. Wallahi ban san lokacin da na isa gidan ba. Tun da cikin ya fito nake bitar yadda zan yi kiran salla a kunnen abin da za a haifa, in raɗa sunan mahaifiyata marigayiya idan mace ce. Ina tsaye a soro da hankici a baki, sai ga kakar matata, tsohuwa mai tsokanar tsiya, ta fito da jaririyar a naɗe cikin zani.

"Angon ƙarni, ungo, yi mata huɗuba."

Na ja da baya, na mai da hannuwana baya kamar ɗan firamare.

"Au, ƙyamarta kake? Ko don ta ɗebo hancinka?"

Ta matso, na matsa, har bayana ya daki bango. Ga ɗan tafin ƙafar jaririyar ya leƙo daga zanin, jajir. Na ji tarin yana taso mini. Nan kunyar ta gudu. Na ce, "Inna, don Allah ki koma da ita ciki. Tibi gare ni."

Tsohuwar nan ta juya da sauri. Ni kuma na fice waje na yi tarina, na haɗa da kuka, gemai-gemai da ni.

Surukina, malamin makaranta ne mai sanyin magana, ya same ni a ƙofar gida. Na ce ya yi mata huɗubar kawai. Ya ce, "A'a. Ka yi zurfin ciki, ba ka kyauta ba, amma uba uba ne. So ake ta ji, ai ba kurma aka haifa maka ba."

Ya tsayar da ni can ƙarshen tsakar gida, bakin rijiya, inda iska ke kaɗawa. Inna ta tsaya da jaririyar a ƙofar ɗaki, ta juyo da kunnenta na dama wajena. Na ɗaga murya na yi kiran salla da hantsi tsaka. Muryar duk ta dushe, sau biyu tari na katse ni. Ina gamawa na faɗi sunan mahaifiyata da ƙarfi, sunan da ake raɗawa a ɓoye sai ranar suna. Unguwa kaf ta ji. Wani dattijo maƙwabci ma ya leƙo da buta a hannu, yana tambaya ko agogonsa ne ya tsaya.

Sai bayan an yi arba'in likitar ta ce in ɗauke ta. Ko mura ba ta yi ba, alhamdu lillahi.

Yau tana aji huɗu, kuma duk gidan babu mai ƙarfin muryarta. Inna, Allah Ya ji ƙanta, kullum cewa take laifina ne, da ihu na fara yi mata magana. Ina kewar tsohuwar nan, ina kewar gidan da rijiyarsa da aka riga aka cike.

Jiya yarinyar ta tambaye ni me ya sa ba na cikin hotunan sunanta. Na ce ta sake dubawa. Can baya, jikin katanga, akwai wani ramamme da hankici a baki, kowa na kallon mai hoto, shi ita yake kallo.