Gem ɗin Alhaji

A gidanmu na Azare ba a kashe wutar murhu da an sauke tuwon dare. Kakarmu Dada ce ta hana. Takan ce itacen da ya riga ya kama, asara ce a zuba masa ruwa. Sai ta jawo 'yar kujerarta gefen garwashin ta miƙe ƙafafu, mu jikoki mu kewaye ta da kwanukanmu. Ba ta jiran a roƙe ta. Da ta ga mun lashe hannu sai ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta ƙaraso, akwai wuri." Ni ce mai zama jikin ƙafarta, ba don ta fi sona ba, sai don na fi kowa iya ture mutane.

Dada Bafulatanar Katagum ce, irin waɗanda kunya ta zame wa jiki. Mahaifina ne ɗanta na fari, don haka tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. Idan ya durƙusa gaishe ta da safe, bango take amsa wa. In tana da saƙo gare shi sai ta bai wa mahaifiyata, ko ta faɗa wa iska a inda zai ji. "Uban yaran nan" take ce masa. Mu dariya abin yake ba mu, har kwaikwayonta muke yi a bayan ɗaki.

Kakanmu Alhaji malamin gona ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babur tsakanin Gamawa da Dambam da ƙauyukan Katagum, yana koya wa manoma zuba taki, su kuma suna koya masa haƙuri. Ritaya ta zo masa tare da ciwon gwiwa. 'Yar gonar da yake taɓawa 'ya'ya suka karɓe, wai ya huta. Abokan hirarsa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in muka ga ya sa babbar riga da safe mun san jana'iza za shi. Mutumin da bai iya zama ba, sai ga shi a dakali daga hantsi har la'asar yana korar ƙudaje.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa gari ne ƙanen Baba ya zo daga Kano ya kawo mana tsarabar gem. Ɗan akwatin roba ne da bai wuce tafin hannu ba, da gilashi a samansa, yana cin ƙananan batura biyu. Tubala ke faɗowa daga sama, kai kuma kana juya su kana jerawa kafin su cike gilashin. Guda ɗaya aka kawo, mu ko muna da yawa. Kafin rana ta faɗi an fasa wa wani leɓe. Alhaji ya ƙwace abin ya jefa aljihu, ya ce kowa ya huta.

Ba a jima ba muka fara jin ƙarar gem daga zaure. Muka leƙa, sai ga Alhaji da tabarau a kan hanci, ya ciji leɓe yana dannawa. Ya ɗago ya harare mu ya ce, "Dubawa nake ko kun lalata shi." Dubawar nan ba ta ƙare ba.

Cikin 'yan makonni ya fi mu iyawa duka. Yakan kira ni, da yake amarya yake ce mini irin ta wasan jika da kaka. "Amarya, zo ki gani. Wannan ai lodin buhu ne a sito. Wanda bai iya jera kaya ba shi ke cewa ɗaki ya yi kaɗan." Yana yi yana faɗa da tubalan kamar 'yan dako, musamman wani dogo da ba ya zuwa sai an gama buƙatarsa. Ya koma cinye tuwonsa. Ya koma kiran wanzami. Da sassafe zai aiki yaro sayen batir yana faɗa kada a kawo masa na banza. Na tuna Dada tana tankaɗe, ta ji shi ya kwashe da dariya shi kaɗai a waje, ta ce, "Ji tsohon nan," amma ita ma murmushi take yi.

Matsalar ta taso ranar da manya suka zo daga Misau neman auren Goggo Ladi, autar gidan. Suka iso da wuri, suka tarar da Alhaji a dakali. Suka yi sallama, ya amsa ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Ku ɗan dakata in gama wannan." Bai daɗe ba ya ajiye ya karɓe su hannu bibbiyu, aka yi magana lafiya, aka sa rana. Amma a garinmu magana ba ta kwana. Kafin mako ya zagayo ana cewa a kasuwa Alhaji ya fara gigin tsufa, ya ƙwace abin wasan jikokinsa.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne, kuma babu abin da yake tsoro kamar abin faɗa. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan, ko da yake na yi shekaru ina jin haushinsa. Yana son mahaifinsa, amma Alhajin da yake so shi ne mai rawani da carbi wanda ake nunawa a ce ga dattijo. Wata Juma'a, Alhaji yana masallaci, Baba ya shiga ɗakinsa ya ɗauke gem ɗin daga ƙarƙashin matashi, ya kai shago ya kulle.

Da yamma Alhaji ya tara mu. "Wa ya ɗaukar mini abina?" Muka yi ta rantse-rantse. Sai ƙanena, wanda bakinsa ba ya riƙe ko ruwa, ya ce, "Baba ne ya shiga ɗakin." Alhaji ya cire tabarau ya ninke, ya ce, "To. Ku je abinku."

Bai sake tada maganar ba. Kuɗin sayen wani ba su fi ƙarfinsa ba, yaron da za a aika ma yana nan. Amma ya gane saƙon, ɗansa na jin kunyarsa a gari. Kuma dattijo mai furfura ba zai buɗe baki ya roƙi ɗan cikinsa abin wasa ba. Ya koma dakali da hannu biyu a kan gwiwa. Nakan lura babban yatsansa yana motsi shi kaɗai a kan riga. Daga baya ya daina fita dakalin ma. Kwanonsa ya fara dawowa da rabin tuwo, sannan ya fara dawowa kamar yadda aka kai shi.

A cikin sanyin shekarar ne Dada ta yi mana wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Baba ya dawo daga sallar isha'i yana cin tuwo a tabarma ƙofar ɗakinsa, ya ba mu baya. A ƙa'ida Dada kan jira ya gama ya shige. Ranar ba ta jira ba, ta kuma ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce an yi wani tsoho mahaƙin rijiya a bakin kogi. Da ƙarfinsa ya ƙare, sai ya sami ƙwarya biyu da tsakuwoyi. Kullum yana zaune ƙofar gida yana kwashe tsakuwa daga wannan ƙwarya zuwa waccan, ɗaya bayan ɗaya, in ta cika ya mayar. Kullum da la'asar Mutuwa kan zo masa a siffar baƙuwa mai lulluɓi, ta yi sallama. Shi kuma ya ce, "Dakata in gama." Ita ko Mutuwar wancan zamani tana da ladabi, ba ta ɗaukar mutum da aiki a hannunsa. Sai ta nemi gefe ta zauna, in rana ta faɗi ta kaɗe zanenta ta tafi. Haka suka yi shekara da shekaru, har suka saba, har tana gaya masa in ya tsallake tsakuwa.

Tsohon yana da ɗa, mutumin kirki, mai arziki. Mutane suka dame shi, wai uban mai kuɗi yana wasan ƙasa. Wata rana ya kwashe tsakuwoyin ya watsa a kogi. Ya sa aka shimfiɗa wa tsohon darduma mai laushi, aka ɗinka masa riga mai aiki, aka zaunar da shi tsaf, duk mai wucewa ya ce madalla da ɗa. Da la'asar baƙuwa ta zo ta yi sallama. Ta dubi dardumar, ta dubi rigar, ta ce, "Yau ka gama ke nan?" Tsoho ya juya tafukansa ya duba, ya ga babu komai a ciki. Ya ce, "Na gama."

Muka jira saura. Na ce, "Dada, sai me?" Ta tura itace cikin wuta ta ce, "Nan ta tsaya, ni ma nan na tsaya." Na ce ai wannan ba daɗi, ba waƙa a ciki, a yi mana wata. Baba kuwa ya daina ci tun tuni. Ya wanke hannu, ya ce wa mahaifiyata, "Yaran nan su kwanta, gobe da makaranta." Ya shige ɗaki ya saki labule.

Washegari ya dawo da sabuwar rediyo ya kai wa Alhaji. Alhaji ya sa masa albarka, ya ɗora ta a kan taga. Ban taɓa jin an kunna ta ba.

Aka yi bikin Goggo Ladi. Aka naɗa wa Alhaji rawani, aka zaunar da shi a tsakiyar maza, mutanen Misau suka yi ta yabon kamalarsa. Ba a yi nisa da watsewar biki ba, wata asuba aka ji bai fito alwala ba. Aka same shi kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Bayan an sallamo shi daga asibiti ne Baba ya ɗauko gem ɗin daga shago. Ina ɗakin lokacin. Ya danna, bai kama ba. Ya buɗe bayansa, ashe baturan sun zubar da ruwa sun cinye ƙarfen ciki. Ya fita da sauri kamar an kore shi, ya dawo da sabo fil a cikin kwalinsa. Ya durƙusa ya sa wa Alhaji a hannu, ya ce, "Alhaji, ga abinka." Abin ya zame ya faɗi kan katifa. Ya sake sawa, ya riƙe yatsun da nasa hannun. Alhaji ya daɗe yana kallon tubalan suna faɗowa suna taruwa har gilashin ya cika. Da kyar, bakinsa a karkace, ya ce, "Ba wa yara." Bai ga damina ba.

Ba zan ce gem ne zai tsawaita masa kwana ba. Ajali ba ya jiran batir, ni ma na yi karatun allo. Amma watannin ƙarshen nan da ya yi yana kallon bango, ba ajali ne ya ɗora masa su ba, mu ne. Wannan har yau yana ci mini rai.

Na daɗe kafin na gane cewa tatsuniyar nan ba tamu ba ce. An ce kukan kurciya jawabi ne, mu ko a daren nan yara ne, waƙa muke nema. Mace ce take roƙon ɗanta ya tausaya wa mijinta, kuma ba ta da wata ƙofa sai bakin murhu. Ta ci gaba da yi mana tatsuniyoyi bayan ta fita takaba, amma waccan ba ta sake yin ta ba. Na taɓa roƙonta ina budurwa, ta ce ta manta. Dada ba ta mantuwa.

Shekaru na ɗauka Baba bai fahimta ba ne, kuma hakan ya sauƙaƙa mini yafe masa. Bayan rasuwar Dada na je gida da yarana. Muna zaune da shi a zaure da yamma, shi ma furfura ta rufe shi, sai na tambaye shi ko ya tuna wata tatsuniyar tsoho mai tsakuwa. Ban yi zaton zai amsa ba.

"Tun tana ambaton ƙwarya na gane," ya ce. "A rayuwata ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba."

Na ce, "To Baba, me ya hana?"

Ya shafa gwiwarsa. "Cewa na yi bari a gama biki tukuna."