Gaisuwar Kawu ta Minti Shida

Kawuna malamin jami'a ne, ilimin ƙasar noma yake koyarwa, amma shi da waya ba sa ga maciji. Ni kuwa na gama sakandare, ina zaune gida a Mafara. Da aka ce malamai su riƙa ɗaukar darasi a waya saboda ɗaliban da hanya ta hana zuwa, ya zo hutun mako ya sa aka kira ni.

Na jingina wayar da gwangwanin madara. "Kawu, bismilla."

Ya gyara hula, ya yi sallama. Ya tambayi gajiya. Ya tambayi gida da iyaye, ya yi wa mutanen Bakura barka da ruwa. Bayan kowace tambaya kuma sai ya yi shiru, wai yana jiran amsa.

"Kawu, ba mai amsa maka fa."

"Suna amsawa can inda suke. Ke mi kika sani?"

Minti shida kafin ya ambaci taki.

Bayan kwana biyu wata ɗalibarsa ta kira daga Maradun. Sai ta hau tudun bayan gidansu take samun sabis. Bidiyon ya buɗe, ta sha gaisuwa, Kawu na cewa "to, yau za mu duba" sai bidiyon ya tsaya cak. Sau uku haka. Jarrabawa saura mako guda, ba ta ji darasi ba.

Ban nemi shawarar kowa ba. Na datse gaisuwar, na cire hoton, na yanka muryar gida huɗu, na tura.

Kawu ya ji, ya ɓata rai. "Ɗiyar nan, kin mai da ni marar tarbiyya. In faɗo wa mutane ba sallama kamar akuya?"

"Gaisuwar za a tambaye ta a jarrabawa?"

Inna ta wurgo mini mafici daga ƙofar ɗaki.

Washegari ɗalibar ta turo saƙon murya: duka huɗun sun shiga, ta saurara. Amma kafin ta faɗi haka sai da ta amsa gaisuwar nan ta farko ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau, Malam. Ba gajiya. Ruwa ya yi gyara.

Kawu ya sake kunnawa yana kallona.

"Ba mai amsawa, ko?"

Tun daga nan gaisuwa daban muke turawa, darasi daban. Na ba shi minti ɗaya. Uku yake yi.