Malamin da Muryarsa Ta Ƙare

Ƙanena ya shekara talatin yana koyarwa, kullum cikin tsawa, har maƙogwaronsa ya lalace. Likita ya ce in ya ci gaba, zai rasa muryar.

Na ce, "Ka ajiye aikin mana. Kai ka haifi ɗaliban?"

Ya ƙi. In surutu ya tashi a aji, sai ya miƙa wa mai surutun alli, shi kuma ya koma bencin ɗalibin ya zauna. Wata yarinya ta tsaya gaban allo tana bayani, ba mai sauraronta, har ta fashe da kuka.

Ya ce, "Haka nake ji kullum, 'yata."

Ajin ya natsu kwana biyu. Rana ta uku ya dawo gida yana min magana da hannu.