Aguwar Baba Cindo

Bana wani zai faɗa rami a Kufan Soro. Ba fata nake yi ba, Allah Ya kiyaye, amma na san abin da nake faɗa. Baba Cindo ya jingine sandarsa tun watan jiya saboda yanar ido ta rufe masa gani, ga shi an gama girbi, lokacin da mutane ke samun sararin zuwa kallon wurin ya yi. Shi ya sa ni Ilu na Ɗanzomo na zauna na rubuta wannan takarda, ko da yake karatuna bai yi nisa ba, don a karanta ta a ƙofar masallaci da rumfunan kasuwar Maigatari. Akwai gargaɗi a cikinta, akwai yabo, akwai kuma maganar da na shekara goma ina haɗiyewa.

Ga wanda bai san wurin ba, Kufan Soro tsohon gida ne mai ganuwa, tafiyar hantsi daga Maigatari. A zamanin yaƙi nan mutanen ƙauyuka ke gudu da iyalansu da dabbobinsu in an ji motsi daga arewa. Da Nasara suka kafa turakun iyaka, yaƙi ya ƙare, kowa ya watse. Saura ganuwa, da babbar ƙofa, da soro mai bene wanda in ka hau kansa za ka hango gonaki har inda idonka ya gaji. Daga Gumel ana zuwa kallonsa, daga Gagarawa ana zuwa, har mutanen Damagaram sukan ratse.

Mutum ɗaya ne bai watse ba. A cikin gidan aka haifi Baba Cindo, uwarsa baiwa ce a wurin. Kullum in ya yi sallar asuba ya sha ɗan kununsa, sai ya ɗauki sanda ya shiga kufan shi kaɗai, yana tafiya yana dukan ƙasa yana saurare. Ƙasa mai ciki da ƙasa marar ciki ba muryarsu ɗaya ba, in ji shi. Yakan hau benen ya ƙwanƙwasa azara ɗaya ɗaya, ya ji wadda gara ta cinye. In ya gama sai ya dawo gindin tsamiyar bakin ƙofa ya zauna yana tufkar igiyar kaba, har baƙi su taru. Da hantsi yake shiga da su, shi a gaba, su a bayansa a jere. Doka ɗaya ce gare shi: inda na taka, nan za ka taka.

Dalilin dokar shi ne rumbunan ƙasa. Mutanen dā sun haƙa ramuka a bayan soron suna ɓoye gero saboda ranar da za a kewaye su. Ramin kamar tulu yake, baki ƙarami, ciki faɗi, zurfinsa ya kai gaba biyu. An rufe bakunan da itace da ƙasa, itacen ya ruɓe, ciyawa ta tsiro a kai. Baba Cindo ya yi dakon gero zuwa cikinsu yana ƙarami, don haka ya san goma sha bakwai. A gaban kowane baki ya kafa reshen aguwa, itacen nan mai farin ruwa da muke shinge da shi, domin dabba ba ta damu da shi ba, fari kuma ba ya kashe shi.

Ba ni kaɗai na ga aikinsa ba. Nata'ala bafatake yana nan da rai, ku tambaye shi ranar da jakinsa ya kwance ya shiga kufan da kaya a bayansa. Tsohon nan ya hana kowa binsa, ya shiga da damin harawa, ya jawo jakin ta tsakanin ramuka biyu kamar mai sa zare a allura. Iya Asama'u ta Gagarawa kuwa, da ta tsufa ta ce ba za ta mutu ba sai ta ga ɗakin da aka haife ta. 'Ya'yanta suka kawo ta a kan jaki, ƙafarta ba ta taka ƙasa. Shi ya goya ta har ɗakin, ya tsaya a waje ya juya baya har ta gama kukanta.

Kai ne kunnen kufai, Baba. Kai ne ka zauna gadin gidan da masu shi suka manta, ba wanda ya naɗa ka, ba wanda ya taɓa tambayar ko ka karya.

Yanzu ga tawa.

Shekara biyu bayan babbar yunwa na kai 'yata Kyauta kallon wurin. Tana da shekara tara. 'Ya'ya uku muka binne kafin ita, ni da uwarta Larai, don haka ko tuntuɓe ta yi sai gabana ya faɗi. Amma ta dame ni da son ganin inda kakanta ya tsaya da baka a kan ganuwa, labarin da ni na cika mata kunne da shi. Muka isa da sassafe, muka tarar da Baba Cindo yana tufka.

"Sannu da zuwa, Malam. Ku ɗan zauna, akwai mutanen Gumel a hanya, sai mu shiga gaba ɗaya."

Na ce muna sauri. Ya ce to bari ya ɗaure bakin igiyar ya kai mu mu kaɗai. Nan Kyauta ta dube ni ta ce, "Baba, ashe kai ba ka san hanya ba?"

Wannan tambayar ce ta hau mini kai. Zan rubuta abin da na faɗa yadda na faɗe shi, domin shi ma a gaban idonsa na faɗa. Na ce, "Ba ɗan baiwa ne zai nuna mini gidan da ubana ya tsare ba."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma ka nisanci aguwa."

Ban ji ƙarshen maganar ba, ko kuwa na ji ban so in ji ba. Na ja hannunta muka shige.

Duk manomin ƙasar nan ya san abin da jerin aguwa yake nufi. Shingen burtali ne, in ka bi gefensa kana kan hanya, ba za ka taka shukar kowa ba. Ramukan nan a jere aka haƙa su, don haka aguwar ma ta tashi a jere. Da na zagaya bayan soron na gan ta, sai hankalina ya kwanta. Na ce, "Kin gani? Ga hanya. Bi gefen aguwa, kada ki kauce." Na saki hannunta don in gyara takalmina. Ta yi taku kamar goma. Na ji wata ƙara kamar an karya kara, na ɗago, babu yarinya, sai ƙura tana tashi daga cikin ciyawa.

Na zabura da gudu. Ban kai ba na ji sanda a ƙaurina, na kifa. Ashe tun daga ƙofa yana bin mu a baya, da igiyarsa a kafaɗa.

"Kwanta nan, kada ka motsa. Inda za ka tsaya ɗin nan rufin kanta ne. In ka taka shi kai za ka binne ta."

Ya jawo azara biyu daga wani rusasshen ɗaki ya gitta su a kan bakin ramin. Ya ja ciki a kansu har ya leƙa. Ina jin kukanta daga ƙasa, siriri. Shi kuwa sai ya yi mata magana kamar suna zaune a tsakar gida.

"Uwargida, ke ce a nan? Kin shiga rumbuna ba sallama. Me kika samo mana?"

Kukan ya ɗan tsaya. Ta ce, "Duhu ne."

"Duhun ma nawa ne, kada ki kwashe. Motsa ƙafarki in ji. Ɗayar fa? Madalla. To zauna a tsakiya, inda hasken nan yake, kada ki jingina da bango. Ga ni nan zuwa mu raba geron."

Ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, ya sa na zagaya ɗaya bakin igiyar a jikin wata aduwa in riƙa sassautawa. Na ce ni zan shiga, 'yata ce. Ya dubi cikina ya ce, "Malam, bakin tulu ne." Ya sauka. Ya kwance igiyar ya ɗaura mata a ƙarƙashin hammata, ya ce in ja a hankali. Na ja, ta fito, fuska duk ƙasa, goshi ya fashe, amma da ranta. Na sake jefa masa igiyar. Yana kusa da fitowa gefen bakin ya zube, azara ɗaya ta sulluɓe ta same shi a kafaɗa. Mutanen Gumel da suka iso a lokacin su suka taya ni jawo shi. Tun daga ranar hannunsa na dama bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirjinsa ba. Da hagu ya koma riƙe sanda.

Na ɗauki 'yata na tafi. Ban tsaya an kira maɗori ba. Ban ce na gode ba.

Da muka isa gida Larai ta ga jini, ta tambaye ni, "Ba ku bi tsohon ba ne?" Na ce mun bi shi. Na ce tsufa ya kama shi, shi ya manta da ramin. Kyauta tana kwance a kan tabarma tana kallona. Larai ta faɗa wa mata a bakin rijiya, mata suka kai kasuwa. Kafin damina maganar ta kai Sule Tankarkar. Mutanen Gumel ɗin nan ƙarshen abin kawai suka gani, ba su da abin musu. Aka fara cewa tunda ko da shi ma faɗawa ake yi, gara mutum ya shiga abinsa. Bayan shekara uku wani magidanci ya shiga shi kaɗai, ya faɗa rami na tara, ya karya ƙugu. Baba Cindo ne ya fito da shi da hannu ɗaya. Da na ji labarin na kwana biyu ban ci tuwo ba, amma ban buɗe baki ba.

Kyauta ta yi aure, bana ta haifi namiji. Ana saura kwana uku suna na je gaishe ta. Ta ce, "Baba, mijina ya bar mini zaɓen suna. Ka je ka tambayo mini sunan yankan Baba Cindo." Ta gyara wa jaririn kwanciya, ta ƙara da cewa, "Yatsa shida ne a hannun da ya ɗaura mini igiya. Na ƙirga su a cikin ramin don in daina kuka. Ban manta komai na ranar ba."

Washegari na kama hanya. Na same shi a gindin tsamiyar, yana tufka da lalube. Na yi sallama, ya karkata kai.

"Muryar nan na san ta. Uban uwargidata ne. Har yanzu kana da cikin nan?"

Na durƙusa na faɗa masa duk abin da na faɗa a kansa. Ya ce ya sani, tun a makon maganar ta iso shi. Na ce me ya hana shi ƙaryata ni?

"In na ƙaryata ka, wa yarinyar za ta riƙa kira Baba a gaban mutane? Ta riga ta faɗa rami ɗaya." Sannan ya ce, "Amma mutumin da ya karya ƙugu, wannan ya dame ni. Da na san haka za ta kai, da na yi magana. Mu biyu muka yi masa shiru."

Sunansa Usmanu. Ya ce rabon da a kira shi da shi tun uwarsa na da rai. Ranar suna aka raɗa wa jikana Usmanu, na tashi a gaban liman da maƙwabta na faɗi gaskiya. Larai ba ta yi mini magana ba har kwana huɗu, kuma da gaskiyarta.

Baba Usmanu, na zage ka ka bi ni da igiya. Na ɓata maka suna ka rufa mini asiri. Na gode, ko da yake godiyar ta makara da shekara goma. Allah Ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma jama'a, ga roƙona. Kada kowa ya shiga Kufan Soro shi kaɗai, kome labarin da ubansa ya ba shi. Aguwar can ba hanya take nunawa ba. Idon tsohon ya tafi amma kunnensa yana nan, in an riƙe masa hannu an doki ƙasa zai faɗi abin da ke ƙarƙashi. Ana neman mutane biyu ko uku masu haƙuri su je su koya tun yana iyawa. Ni na fara zuwa duk mako, sai dai kunnena ya yi nauyi, sau uku ina ce wa rami ƙasa mai kyau yana dariya.

Akwai abu ɗaya da ya gaya mini a zuwana na ƙarshe. Wani dattijo da ya koya masa wurin yana yaro ya ce rumbunan goma sha takwas ne. Shekara fiye da ashirin yana dukan ƙasa kowace safiya, goma sha bakwai ya samu. Na goma sha takwas ba shi da aguwa a bakinsa, kuma har yau ba wanda ya san inda yake.