Zoben Mushe Illo

Tanut

Ina idar da sallar asuba na nufi tasha, rungume da kwali kamar mai jego. A ciki akwai na'urar da na haɗa a lise, makarantar sakandaren da nake koyarwa: sandar ƙarfe, naɗin wayar tagulla a gindinta, da zoben alminiyon. In aka ba ta kuran, wato wutar lantarki, zoben yakan tashi ya tsaya a iska. Mushe Illo (haka muke kiran malami da Faransanci), tsohon malaminmu na fizik, ya ƙare aikinsa yana zana mana wannan abu a allo, bai taɓa ganinsa ba. Yanzu yana zaune a Balbeji, an ce idanunsa na tafiya, shi ya sa nake sauri.

Hanyar Balbeji

A shinge wani jandarma ya leƙa kwalin, ya tambaya ko injin markaɗe ne. Na ce kusan haka, ya sake mu. Direba kuwa bai bar rami ko ɗaya bai gaishe shi ba, har kwalin ya kuɓuce mini sau biyu.

Balbeji

Na makara. Da murya Mushe ya gane ni, idanun sun riga sun rufe. Zuciyata ta karye, amma matarsa, Inna Hajara, ta ajiye mini fura ta ce in sha tukuna.

Bayan la'asar muka aro gurup, wato janareta, a wurin maƙwabci. Na'ura ta yi ta gurnani, zobe ko motsi. Mushe ya karɓe shi ya shafa, ya gano tsagar da hanya ta yi masa.

"Yarona, ka manta darasi? In zobe ya tsage, ta ina kuran zai kewaya?"

Inna Hajara ta zare awarwaronta na azurfa, wanda ba shi da baki, ta zura a sandar. Na kunna. Awarwaron ya yi tsalle, ya tsaya yana rawa, babu abin da ke riƙe da shi. Ta kama hannun mijinta ta bi da shi ta ƙarƙashi, sannan ta sama. Ya danna awarwaron, awarwaron ya ture yatsansa.

"Ya ɗau ɗumi," ya ce a hankali. "Ashe ban yi muku ƙarya ba."

Gida

Washegari na iso Tanut da magariba, hannuna wayam. Na gode wa Allah, na gode wa Inna Hajara. Na'urar tana can; Inna ta ce mini a waya har na hau mota Mushe yana neman a sake kunnawa.