Ranar da Yaya Idrisa Ya Rufe Maƙerar Kawunmu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Idrisa. Har yau a Zangon Wagadugu akwai dattawan da in an ambace shi sai su yi murmushi, wasu kuma su ɗan yi tsaki. Ni ƙanwarsa ce, na san dalilin duka biyun.

Mu jikokin fataken goro ne. A gidanmu yaro kan fara aiki tun bai iya ɗaura zariyar wandonsa ba, kuma babu mai ganin laifin hakan. Idrisa ne ya fara yin nisa a lakwal, wato makarantar boko, har gwamnati ta ɗauke shi aikin duba wuraren sana'a. Kullum yana bisa moto, wato babur, daga masana'antun Kosodo zuwa garejojin Wemtenga, yana tambayar shekarun ma'aikata.

Wata rana aka kai masa labarin wani yaro, Salifu, da narkakken alminiyam ya zubar masa a ƙafa. A maƙerar Kawu Mamman abin ya faru, inda ake zuba tukwane. Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu. Da Idrisa ya so, da ya tura abokin aikinsa. Sai ya tafi da kansa, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Kawu, doka ta hana sa yara aikin wuta. Zan rufe wurin nan."

Kawu ya ce, "Da wutar nan na ciyar da kai, Idrisa. Iyayensu suka kawo su, ba sato su na yi ba. In na kore su, kai za ka ba su tuwo?"

Duk da haka Idrisa ya rufe maƙerar. Inna ta daina cin abincin da matarsa ke aiko mata. Kawu kuwa Sallah ta zo ta wuce bai amsa gaisuwarsa ba.

Tambayar Kawu ta hana Idrisa sukuni. Ya bi iyayen yaran gida gida, ya nema wa yaran gurbi a lakwal, ya roƙi matan unguwa su riƙa dafa masu abincin rana bi da bi. Daga baya ya lallashi Kawu ya ɗauki yayyen yaran da suka kai munzalin aiki, aka sake hura wuta. Ba duka aka ci nasara ba. Wani uba ya kwashe ɗansa ya kai shi ramin zinariya, ba mu ƙara jin labarinsa ba, kuma Idrisa bai daina ambaton yaron ba har ciwon ajali. Kawu bai taɓa cewa Idrisa na da gaskiya ba, sai dai bai sake barin yaro ya kusanci wutarsa ba. Ranar jana'izar Idrisa, Kawu ne a gaban makara.

Da Idrisa zai ga yau, na san ransa zai ɓaci. Waya tana nuna mana yara a gonakin koko da ramukan ma'adinai na ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Dokoki sun yi yawa, masu bin sawunsu ba su da yawa, ga yaran da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka. Amma zai ga abin da bai gani ba a zamaninsa: yanzu mai sa yaro aikin haɗari ɓoyewa yake yi, don ya san maƙwabta za su yi magana.

Bara wata maƙwabciyata ta ɗauko yarinya daga ƙauye tana mata wanke-wanke da talla. Ba jami'i ya zo ba. Matan layinmu ne suka yi sallama, suka zauna, suka ce, "Hajiya, yaushe 'yar nan za ta shiga lakwal?" Yawancinsu ba su taɓa jin sunan Idrisa ba. Yanzu kowace safiya yarinyar kan wuce ta ƙofata da jakarta, tana sauri kar ta makara.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya sa ka huta.